Francis Thomas Bacon: Injiniyan da ya yi shekara 60 yana rarrashin iskar oksijin

Idan ana lissafa mutanen da suka kai ɗan Adam duniyar wata, da wuya a ji sunan Francis Thomas Bacon. Bai hau kumbo ba, bai taɓa zama ma'aikacin hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ba, kuma a lokacin da Apollo 11 ya tashi cikin watan Yulin 1969 shi dattijo ne ɗan shekara 64, mazaunin wani ƙauye a bayan garin Cambridge ta Ingila. Amma wutar lantarkin da ta riƙe uwar kumbon a tafiya da dawowa, da ruwan da matafiyan suka sha a cikinta, duk sun fito ne daga wata na'ura da ya yi kusan shekara talatin yana fama da ita kafin a yarda cewa tana da amfani.

Na'urar dai wani irin batir ne da ba a cajinsa. Ana ɗura masa iskar haidurojin ta gefe guda, iskar oksijin ta ɗaya gefen, shi kuma ya riƙa ba da wuta muddin iskokin ba su yanke ba, abin da yake fitarwa kuwa ruwa ne tsarkakakke. Za a iya kiransa batirin gas. Ba Bacon ne ya ƙirƙiro shi ba, ya tarar da shi a littattafai kusan shekara ɗari bayan an gano shi. Abin da ya yi shi ne ya fitar da shi daga matsayin abin nuna wa ɗalibai ya mai da shi injin aiki, kuma ya yi haka ne ta hanyar tunkarar wuri mafi taurin kai a cikinsa, wato gefen oksijin.

An haife shi ranar 21 ga Disamba, 1904, a gidan Ramsden Hall da ke kusa da Billericay a yankin Essex. Gidansu tsohon gida ne na masu filaye, zuriyar Sir Nicholas Bacon, mahaifin shahararren masanin falsafa Francis Bacon wanda ya rasu a 1626. Masanin falsafar bai bar ɗa ba, saboda haka dangantakar ta biyo ne ta wajen 'yan'uwansa. Wannan rufin asiri na gida ya yi tasiri a labarin, domin mutumin da ke ci hannu baka hannu ƙwarya ba zai iya ajiye aikinsa saboda wani tunani da babu mai saye ba, shi kuwa Bacon ya iya. Ya yi makarantar Eton, sannan Kwalejin Trinity a Cambridge, inda ya kammala karatun injiniya a 1925 da sakamakon da ba na a zo a gani ba. Tom ake kiransa a gida da wajen aiki har ƙarshen rayuwarsa.

Daga jami'a ya wuce Newcastle, ya shiga koyon aiki a kamfanin Sir Charles Parsons, mutumin da ya ƙirƙiro injin tururi mai juya farfela a 1884, injin da har yau shi ne zuciyar mafi yawan manyan tashoshin lantarki. A nan ya ga yadda ake samar da wuta a zamaninsa, ya kuma ga ɓarnar da ke cikinta. Ana ƙona gawayin ƙasa a tafasa ruwa, tururi ya juya farfela, farfela ta juya janareta. Kowane mataki yana karɓar nasa kason, ta yadda abin da ke isa waya bai kai kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ke cikin gawayin ba. Wani ɓangare na wannan asara kuma ba laifin maƙera ba ne. Ƙa'idar halitta ce cewa duk injin da zai mai da zafi ya koma motsi dole ya zubar da wani kaso na zafin, komai ƙwarewar wanda ya ƙera shi. Batirin gas ba ya bi ta wannan hanya, kai tsaye yake mai da ƙarfin sinadari ya zama lantarki. A 1932 Bacon ya fara tunani a kansa, bayan ya karanta yadda ake amfani da lantarki a raba ruwa ya koma haidurojin da oksijin. Tunaninsa na farko na ajiya ne: da dare, sa'ad da buƙatar wuta ta ragu, a raba ruwa a tara iskokin biyu, da rana a sake haɗa su a karɓi wutar.

Gadon Grove da tsadar filatinam

Wanda ya fara nuna cewa hakan mai yiwuwa ne shi ne William Robert Grove, lauya ɗan garin Swansea wanda daga baya ya zama alƙali. A 1839 ya tsoma siraran ƙarfen filatinam biyu a cikin asid, irin wanda aka sani da ruwan batir, ya kifa wa ɗaya kwalbar haidurojin, ɗaya kwalbar oksijin, sai ga wuta tana gudana a waya. A 1842 ya jera irin waɗannan kwalabe masu yawa ya yi batir. Wutar ba ta taka kara ta karya ba, amma ta tabbata. A 1889 Ludwig Mond da mataimakinsa Carl Langer suka inganta shi da garin filatinam mai laushi, suka sami wuta fiye da ta Grove, sannan suka bar shi, domin tsadarsa ta fi amfaninsa.

Me ya sa sai filatinam? Haidurojin da oksijin, duk da cewa haɗuwarsu na iya tayar da gini, za a iya zuba su a kwalba ɗaya su shekara ba su kula juna ba. Suna buƙatar wanda zai haɗa su. A 1823 Johann Wolfgang Döbereiner a Jamus ya gano cewa idan aka hura haidurojin a kan filatinam mai soso-soso, nan take yake kamawa da wuta, kuma filatinam ɗin yana nan yadda yake. A 1835 masanin Suwidin Jöns Jacob Berzelius ya raɗa wa wannan hali suna, daga nan ne kalmar katalis ta samo asali. Aikin katalis aikin dillali ne a kasuwar dabbobi: ya riƙe hannun mai saye, ya riƙe hannun mai sayarwa, a ƙulla ciniki, shi kuma ya juya ya kama wasu. Bambancin kawai shi ne wannan dillalin ba ya karɓar la'ada a kan kowane ciniki. Kuɗinsa gaba ɗaya a farko ake biya, wajen sayo shi.

A cikin batirin gas ba a barin iskokin biyu su gamu kai tsaye. Kowace tana da nata farantin, tsakaninsu kuma akwai ruwan sinadari. A farantin haidurojin iskar tana sakin ƙananan ƙwayoyin nan masu ɗauke da caji da ake kira ilektiron, su bi waya su kunna fitila ko su juya mota, sannan su iso farantin oksijin, inda oksijin za ta karɓe su. Gefen haidurojin ba shi da matsala, sakin yana faruwa cikin ƙiftawar ido. Gefen oksijin ne cinikin ke tsayawa. Ƙwayar oksijin tagwaye ce, biyu manne da juna da ɗauri mai ƙarfi, kuma kafin ta zama ruwa sai an kwance wannan ɗauri, an kuma miƙa mata ilektiron huɗu ɗaya bayan ɗaya. A kowane mataki tana iya maƙalewa. Idan ƙarfen farantin ya riƙe ta da sako-sako, sai ta sille ba a kwance ta ba. Idan ya riƙe ta da ƙarfi fiye da kima, sai ta manne masa ta toshe wurin, ta hana na baya zuwa. Wani lokaci kuma ta karɓi biyu kacal ta tafi, ta zama sinadarin ferokzaid mai cin farantin kansa. Filatinam ya fi sauran ƙarafa kusantar tsaka-tsaki a wannan riƙo, kuma asid ba ya cin sa. Duk da haka, ko da shi, lissafi ya ce kowane ɗaki na batirin ya kamata ya ba da bolt 1.23, amma a aikace batiran motocin yau suna aiki ne a tsakanin 0.6 da 0.7, kuma kaso mafi girma na abin da ya ɓace a gefen oksijin yake ɓacewa.

Cacar da ya yi

Bacon ba masanin sinadarai ba ne, injiniya ne da ya tashi a cikin tukwanen tururi, kuma da idon mai tukunyar tururi ya dubi matsalar. Ya ga cewa muddin batirin gas yana rataye a wuyan filatinam ba zai taɓa zama abin tashar lantarki ba. Sai ya yanke shawara uku da suka jingina da juna. Zai bar asid ya koma ga kishiyarsa, ruwan fotash mai kaifi, ɗan'uwan ruwan tokar da ake tacewa don yin sabulun salo, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. A cikin irin wannan ruwa oksijin ta fi sauƙin kai, kuma ƙarafa masu araha suna iya jurewa. Zai yi farantan da nikel. Tun da kuma nikel bai kai filatinam iya dillanci ba, zai cike giɓin da zafi, domin zafi yana gaggauta kowane irin haɗi. Ya kai zafin zuwa wajen digiri 200, ya kuma rufe batirin cikin matsi mai tsanani don kada ruwan ya tafasa ya ƙone. Masanin sinadarai na lokacin zai ji tsoron haɗa haidurojin da oksijin da zafi da matsi a tukunya guda. Ga wanda ya yi shekaru a masana'antar Parsons kuwa, digiri 200 wasan yara ne.

A 1937 ya rubuta wa shugabannin kamfanin rahoto a kan wannan tunani, suka ce ba layin kasuwancinsu ba ne. Ya ci gaba da gwaji da kuɗin aljihunsa, har ya kai ga yin wasu gwaje-gwajen a harabar masana'antar ba da izini ba. A ƙarshe ya zama dole ya zaɓi ɗaya, aikin ko batirin. A farkon 1940, yana da shekara 35, da iyali, ƙasarsa kuma tana cikin yaƙi, ya ajiye aikin da ya yi shekara goma sha biyar a kai. Kamfanin injiniyoyi na Merz and McLellan ya tallafa masa ya ci gaba a Kwalejin King's ta Landan. Bai daɗe ba yaƙin ya iso kansa. A 1941 aka tura shi cibiyar rundunar sojan ruwa da ke Fairlie a Sikotilan, inda ake aiki a kan na'urar gano jiragen ƙarƙashin teku ta hanyar amsa-kuwwa, ya zauna can har yaƙi ya ƙare.

A 1946 ya koma Cambridge da tallafin ƙungiyar binciken lantarki ta Birtaniya. Ba shi da kujerar malanta, baƙo ne a ɗakunan gwajin jami'ar, ya zauna a sashe ɗaya, ya koma wani, ya sake komawa wani. A waɗannan shekaru ne ya warware matsaloli biyun da sunansa ya tsaya a kansu.

Ta farko ita ce matsalar wurin gamuwa. Cinikin ba ya ƙulluwa sai a daidai inda abu uku suka taɓa juna: iska, ruwan sinadari da ƙarfe. Grove kansa ya lura da haka. Idan ruwa ya mamaye farantin, iska ba ta isa. Idan iska ta kore ruwan, sai ta ɓulla ta ɗaya gefen ta gamu da 'yar'uwarta, wanda a cikin tukunya mai zafi ba abin fata ba ne. Bacon ya bar ragar wayar nikel da ya fara da ita, ya koma ga faranti da aka yi da garin nikel da aka gasa har ya manne, mai ramuka kamar soso, kuma hawa biyu. Hawan da ke fuskantar ruwa ramukansa matsattsu ne, wanda ke fuskantar iska nasa sun fi faɗi, dukansu kuwa ba su kai kaurin gashin kai ba. Da aka ɗan ɗaga matsin iskar sama da na ruwan, sai ta kori ruwa daga manyan ramuka, amma ta kasa korarsa daga ƙanana, domin matsattsen rami ya fi riƙe ruwa, kamar yadda lagwani ke riƙe kananzir. Ta haka iyakar ruwa da iska ta tsaya cak a tsakiyar farantin, a kan fili mai faɗin gaske da ke naɗe cikin ramukan. Wani abin sha'awa shi ne, tsarkakakken garin nikel na irin wannan aiki ana samun sa ne ta hanyar da Ludwig Mond ya gano a 1890, shekara ɗaya bayan batirinsa na filatinam, kuma matatar da ya gina don haka tana Clydach, a bayan garin Swansea, mahaifar Grove.

Ta biyu ita ce ta kusa kashe aikin. Oksijin mai zafi a cikin ruwan fotash ba ta tsaya ga karɓar ilektiron ba, sai ta juya ta fara cin farantin nikel ɗin. Tsatsa mai launin kore ta riƙa lulluɓe shi, ita kuma wannan tsatsa ba ta barin lantarki ya ratsa ta. Batirin zai fara da ƙarfi, ya riƙa raguwa, ya mutu. Zafin da aka kawo don ya maye gurbin filatinam shi ne yake gaggauta lalacewar. Aka yi ta gwaji, matsalar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Mafita ta zo daga wani fage dabam, daga binciken da masana a Holan suka yi a kan yadda ɗan ƙaramin gauraye ke sauya halin tsatsar ƙarafa. Bacon da 'yan tawagarsa suka daina yaƙi da tsatsar, suka yi ta da gangan tun kafin a sa farantin a batir. Za a jiƙa shi da ruwan sinadarin litiyam, a gasa shi a iska da zafin ɗaruruwan digiri, sai ya fito da baƙar fata mai tauri. Litiyam da ya shiga cikin tsatsar ya sa tana wuce lantarki, ita kuma ta kare ƙarfen da ke ƙarƙashinta, kuma a kanta oksijin ke karɓar ilektiron ɗinta. Tsawon ran farantin ya tashi zuwa dubban sa'o'i. Wannan baƙar tsatsa ita ce katalis ɗin Bacon, kuma har yau ana amfani da irinta a farantin oksijin na wasu manyan batiran gas masu aiki da narkakken gishiri.

A 1954 ya nuna batir mai ɗaki shida da ke ba da wat 150. Ba da daɗewa ba tallafin ya yanke, domin babu kamfanin Birtaniya da ya nuna sha'awar ɗauka, tawagar ta watse. Sai a 1957 hukumar gwamnati mai kula da bunƙasa ƙirƙire-ƙirƙire ta ɗauki nauyin aikin, aka ba shi wuri a kamfanin Marshall, masu aikin jiragen sama a Cambridge. A can, a 1959, aka tara 'yan jarida aka nuna musu batir mai ɗaki 40 da ke ba da kimanin kilowat shida, ya kunna injin walda, ya juya zarto, ya motsa motar ɗaga kaya. Shekara 120 ke nan bayan kwalaben Grove. A shekarar ce kuma kamfanin Allis-Chalmers na Amurka ya nuna tarakta mai tafiya da batirin gas.

An yi tafi, amma ba a sami mai saye ba, kuma adalci shi ne a ce 'yan kasuwar suna da hujja. Batirin Bacon yana buƙatar haidurojin da oksijin tsarkaka. Ba zai shaƙi iskar gari ba, saboda iskar kabon dayoksaid da ke cikinta tana haɗuwa da ruwan fotash ta zama gishiri ta toshe ramukan. Yana da nauyi, yana buƙatar a ɗumama shi kafin ya fara aiki, man fetur kuwa a lokacin araha yake kamar banza. A doron ƙasa babu wanda zai biya wannan farashi.

Mai sayen da ya zo daga sama

A 1961 Shugaba John Kennedy ya ɗaukar wa Amurka alkawarin kai mutum wata kafin ƙarshen shekarun 1960. Tafiya ce ta fiye da mako guda, kuma batiran da za su ɗauke ta nauyinsu ya fi ƙarfin roka. Sai duk aibin batirin Bacon ya tashi daga aibi. Tsarkakakkun haidurojin da oksijin su ne abin da injiniyoyin roka suka riga suka ƙware wajen sanyayawa da adanawa, babu iskar gari da za ta gurɓata shi, kuɗi ba matsala ba ne, ruwan da yake fitarwa kuwa a sararin samaniya ya fi zinariya. Kamfanin Pratt & Whitney, wanda ya sami lasisin amfani da fasahar Bacon, shi aka ba kwangilar. Suka rage matsin ƙwarai don tukunyar ta yi sauƙin nauyi, suka ƙara kaurin ruwan fotash don kada ya tafasa, amma farantan nikel masu hawa biyu da baƙar tsatsar litiyam suna nan yadda ya tsara su. Kowane kumbon Apollo ya ɗauki batir uku, kowanne da ɗaki 31, kowanne yana iya ba da kusan kilowat ɗaya da rabi. Matafiyan sun yi ƙorafin cewa ruwan yana zuwa da kumfar haidurojin mai kumbura ciki, amma sun sha.

Darajar na'urar ta fi bayyana ne ranar da aka rasa ta. A watan Afrilun 1970, Apollo 13 yana kan hanyar wata, ɗaya daga cikin tankunan oksijin ya fashe, ya kuma ji wa na biyu rauni. Batiran ba su da laifi, abincinsu ne ya tsiyaye. Cikin 'yan sa'o'i duka ukun suka mutu, wuta da ruwa suka tafi tare. James Lovell da Jack Swigert da Fred Haise suka fake a cikin ƙaramin kumbon sauka, cikin sanyi da ƙishirwa, suka sha da ƙyar, suka faɗo teku ranar 17 ga watan.

An ruwaito cewa Shugaba Richard Nixon ya shaida wa Bacon baki da baki cewa ba don shi ba da ba a je wata ba. Shi kuwa waɗanda suka yi aiki da shi sun san shi da mai da yabo ga 'yan tawagarsa da injiniyoyin Amurka. Wata ba shi ne burinsa ba tun asali. Abin da ya so shi ne ya ga batirin gas a tashoshin lantarki da jiragen ƙasa da motoci, kuma wannan bai gani ba.

Dawowar filatinam

Nasarar Bacon a kan filatinam rabin nasara ce, domin bai samo dillalin da ya kai shi ba, ya biya bambancin ne da zafi. Inda ba za a iya jiran tukunya ta yi zafi ba, filatinam ya dawo. Kumbon Gemini, wanda ya riga Apollo tashi, ya yi amfani da batirin kamfanin General Electric mai fatar roba a madadin ruwa, da filatinam a farantansa. Jiragen sama jannati masu zuwa su dawo, waɗanda suka fara tashi a 1981, sun riƙe ruwan fotash irin na Bacon amma suka sauke zafin, suka koma ga ƙarafa masu tsada. Motocin haidurojin na wannan zamani, irin Toyota Mirai da ta fito a 2014, zuriyar batirin Gemini ne, kuma mafi yawan filatinam ɗin da ke cikinsu a farantin oksijin yake. Abin da ake haƙowa na filatinam a duniya bai kai tan 200 a shekara ba, alhali zinariya ta haura tan 3,000, kuma kimanin kashi 70 cikin 100 daga Afirka ta Kudu yake fitowa. Tambayar da ta sa Bacon ya bar aikinsa a 1940 tana nan a buɗe.

Masu neman amsarta a yau sun fi karkata ga wata hanya da aka buɗe tun yana raye. A 1964 Raymond Jasinski ya nuna cewa wani rini mai ɗauke da ƙwayar kobal guda a tsakiyar zoben naitirojin yana iya sa oksijin ta karɓi ilektiron. Siffar rinin ta yi kama da ta sinadarin da ke sa jini ja. Ba abin mamaki ba ne, domin jikin ɗan Adam yana yin wannan ciniki a kowane numfashi, yana miƙa wa oksijin ilektiron huɗu ta zama ruwa, a zafin jiki, da baƙin ƙarfe da jan ƙarfe kawai. Daga wannan tushe aka samo katalis na baƙin ƙarfe da naitirojin da gawayi, wanda a ɗakin gwaji yana kusantar filatinam, sai dai a cikin asid ba ya daɗewa, cutar da ta addabi nikel ɗin Bacon ke nan a wata sabuwar riga. A cikin ruwan fotash da danginsa kuwa ya fi jurewa, shi ya sa masu bincike da dama suka sake juyowa ga wannan gefe da Bacon ya zaɓa.

A wannan gefen ne kuma ake samun batiran ƙarfe da iska, waɗanda ke sa ƙarfe a gurbin haidurojin su shaƙi oksijin daga sarari. Wanda ya taɓa canza batirin na'urar taimaka wa ji ya riƙe irinsu a hannunsa. Ɗan maɓallin nan mai likakkiyar takarda, tutiya ce a cikinsa da ruwan fotash. Da an ɓare takardar iska ta shiga ta ƙananan huda, ta sami farantin gawayi da tsatsar manganis, batirin ya farka. Babu filatinam a ciki. Abin da ya gagara har yanzu shi ne a yi irinsa babba wanda za a yi ta caji ana sake amfani da shi, domin a nan ana buƙatar dillali ɗaya da zai iya sa oksijin ta karɓa, ya kuma iya sa ta ta saki.

Bacon ya bi diddigin waɗannan al'amura har tsufansa. Bayan an rufe aikin Marshall ya zama mai ba da shawara ga kamfanin Energy Conversion, wanda aka kafa don neman wa batirin gas kasuwa a Birtaniya amma bai kai labari ba. A shekarunsa na ƙarshe kuma, mutumin da ya yi rayuwarsa yana gudun filatinam ya zama mai ba da shawara ga Johnson Matthey, ɗaya daga cikin manyan matatun filatinam na duniya. An ba shi lambar girma ta OBE a 1967, aka zaɓe shi cikin ƙungiyar Royal Society a 1973, sannan a 1991 ya zama mutum na farko da aka ba lambar yabo mai ɗauke da sunan Grove. Ya rasu a Little Shelford ranar 24 ga Mayu, 1992, yana da shekara 87.